FAIFAN DA KASUWA TA ƘI: LABARIN MAKAƊAN ALLMAN

Yau za mu ɗauki masu karatu mu kai su ƙasar Amurka, can sashenta na Kudu, mu ba su labarin wani faifan garmaho da aka fitar ran 4 ga watan Nuwamba 1969. Faifan ba shi da wani suna sai na waɗanda suka yi shi, The Allman Brothers Band, watau ƙungiyar makaɗa ta 'yan'uwa 'ya'yan Allman. Waƙa 7 ce a cikinsa, in an haɗa su duka kuwa minti 33 ne da 'yan daƙiƙu. Da ya shiga kasuwa bai yi farin jini ba ko kaɗan. A jerin faya-fayai 200 mafiya kasuwa da mujallar Billboard ta kan buga ko wane mako, iyakar inda ya kai shi ne na 188, waɗanda aka sayar a farkon fitowarsa kuma ba su kai 35,000 ba. A ƙasa mai mutum wajen miliyan 200, ko akawun da ya kama aiki jiya ya san sunan wannan ciniki faɗuwa.

To, ga shi yau masu rubuta tarihin kiɗa daga wannan faifai su ke fara ƙirgen wani salo da a ke kira rok na Kudu. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda samarin nan shida, biyar Turawa ɗaya Baƙar fata, aka ba su shawara su bar ƙasarsu in su na son arziki, suka ƙi, da kuma waɗanda suka riƙe su har suka tsaya da ƙafafunsu.

HALIN DA KUDU TA KE CIKI

Ba za a gane labarin ba sai an san ƙasar. Jihohin Kudancin Amurka su ne inda aka fi tara bayin da aka kwaso daga Afirka, su na noman auduga da taba. A kan maganar bauta aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, aka ci Kudu, aka 'yanta bayi. Amma Turawan wurin ba su haƙura ba, suka kafa dokokin da suka raba Baƙi da Farare a makaranta, da asibiti, da motar haya, da gidan abinci, har famfon shan ruwa. Sai a 1964 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta haramta wannan wariya a wuraren da jama'a ke haɗuwa.

Yin doka daban, bin ta daban. A Atlanta, babban birnin Jihar Jojiya, akwai wani mai gidan abinci, Lester Maddox, wanda ya kori Baƙaƙe daga ƙofar gidansa da bindiga da ƙotar gatari, daga baya ya gwammace ya rufe gidan da dai ya zuba wa Baƙi abinci. Mutumin nan shi ya zama Gwamnan Jojiya a 1967, ya kuwa riƙe har 1971. A tsakanin nan, ran 4 ga Afrilu 1968, aka harbe Martin Luther King, haifaffen Atlanta, a garin Memphis. A wannan jiha, ƙarƙashin wannan Gwamna, makaɗanmu suka zauna. Mu na roƙon masu karatu su riƙe maganar gidan abincin nan a zuci, don za mu tarar da wani gidan abincin a gaba.

WA DA ƘANE

An haifi Duane Allman a 1946, ƙanensa Gregg a 1947, dukansu a Nashville. Ubansu hafsan soja ne, wani mutum da ya rage wa hanya a mota ya kashe shi a ƙarshen 1949. Uwarsu ta koyi aikin akanta ta riƙe su ita kaɗai, daga baya ta koma da su bakin teku a Jihar Fulorida. Can ne suka riƙa kwana su na sauraron wani gidan rediyo na Nashville da ke sa waƙoƙin Baƙaƙe da dare, musamman irin wanda a ke kira buluz, kiɗan da jikokin bayi suka ƙaga su na kukan talauci da rabuwa da wahalar duniya. Ƙanen ne ya fara sayen jita, amma ba a daɗe ba wan ya fi shi iyawa, Gregg ya koma ga waƙa.

Sun taɓa gwada barin gida. A 1967 suka tafi Los Angeles da wata ƙungiya tasu mai suna Hour Glass, kamfanin Liberty ya ɗauke su, ya zaɓa musu waƙoƙi, ya zaɓa musu tufafi, aka yi faifai 2, ba wanda ya yi kasuwa, su kansu kuma ba su so su ba. Duane ya fusata ya komo Kudu, Gregg ya tsaya can kamar jingina saboda bashin kamfani.

A 1968 Duane ya sami aiki a ɗakin ɗaukar murya na FAME a Muscle Shoals, Jihar Alabama, ya na kaɗa wa manyan mawaƙa Baƙaƙe jita. An ce wata rana abokan aiki suka fita cin abinci, shi da mawaƙi Wilson Pickett suka tsaya, don Baƙi da Bature mai dogon gashi su shiga gidan abinci tare a garin nan neman fitina ne. A wannan zama Duane ya ciwo kan Pickett ya rera wata waƙar Beatles ta mutanen Ingila mai suna Hey Jude. Jitar da ya kaɗa a ƙarshenta ita ta sa manyan kamfanin Atlantic suka fara tambaya, wane ne wannan yaro?

Ya kamata mu tsaya mu bayyana gwanintarsa. Mai kaɗa jita ya kan danne tsirkiya da yatsa a kan waɗansu 'yan ƙarafa da aka jera a wuyanta, ko wane ƙarfe da muryarsa, babu wata murya tsakani. Duane kuwa sai ya zura yatsansa cikin 'yar kwalbar maganin mura, ya riƙa zamar da ita a kan tsirkiyoyin, muryar ta na tashi ta na sauka ba tare da yankewa ba, kamar yadda mai goge ke sa gogensa kuka. Ba shi ya ƙago dabarar ba. Tsofaffin makaɗan buluz na Mississippi sun daɗe su na yi da wuyan kwalba ko da wuƙa, shi kuma bai taɓa ɓoye wurin waɗanda ya koya ba.

TARA JAMA'A

A nan ne Phil Walden ya shigo. Bature ne mutumin Macon, gari a tsakiyar Jojiya, su na faɗinsa Mekan. Shi ne manajan Otis Redding, shahararren mawaƙin nan Baƙi da ya tashi a garin, wanda ya mutu cikin haɗarin jirgin sama ran 10 ga Disamba 1967. Walden ya na neman wanda zai maye masa gurbi, sai ya ɗauki Duane ya ce ya tara ƙungiya. Tare da taimakon Jerry Wexler na Atlantic ya kafa ƙaramin kamfanin faifai a Macon, suka sa masa suna Capricorn, watau burujin Jadyu, don su biyun cikin Janairu aka haife su. Mu lura, sunan da Walden ya yi da dukiyar da ya tara har ya iya ɗaukar nauyin waɗannan samari, daga muryar Baƙaƙe suka fito.

Wanda Duane ya fara ɗauka Baƙi ne, Jai Johanny Johanson, mutumin Mississippi, an fi saninsa da Jaimoe, makaɗin ganga da ya taɓa bin Otis Redding yawo. Sa'an nan Berry Oakley, mai babbar jita mai kaurin murya, shi kaɗai ne ba ɗan Kudu ba, daga Chicago ya ke. Shi ya jawo abokinsa Dickey Betts, gwanin jita wanda ya tashi cikin kiɗan Turawan ƙauye. Na biyar Butch Trucks, wani makaɗin gangar. A watan Maris 1969 suka haɗu a Jacksonville suka yi kiɗa na sa'o'i ba tsayawa. Da aka gama, an ce Duane ya tare ƙofa ya ce wanda ba zai shiga ƙungiyar ba sai ya yi dambe da shi kafin ya fita. Aka kirawo Gregg daga Los Angeles ya zo ya zama mawaƙi, ya na kuma danna ogan, irin akwatin kiɗan da a ke sa wa a coci.

Tsarin nan baƙo ne. Al'adar ƙungiyoyin rok ita ce gwanin jita ɗaya a gaba, na biyu ya na tallafa masa, mai ganga kuma ɗaya. Duane ya ce gwanaye biyu ya ke so, da masu ganga biyu. Jitocin wani lokaci su tafi tare kamar tagwaye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wani lokaci ɗaya ya faɗa ɗaya ya amsa. Trucks ya na tuƙa kiɗan gaba da ƙarfi, Jaimoe ya na zagaye shi da ado irin na jaz. Jaimoe ɗin ne kuma ya zaunar da sauran ya sa musu faya-fayan Miles Davis da John Coltrane, suka koyi yadda a ke kama karin waƙa guda a yi ta juya shi na tsawon lokaci ba a maimaita ba.

YUNWA A MACON

Cikin bazarar 1969 suka koma Macon, suka cunkushe a ɗaki guda, katifu a ƙasa. Mutanen gari ba su saba ganin maza da gashi har kafaɗa ba, balle a ce da Baƙi su ke kwana su ke tashi. Kuɗi babu. Da rana su yi ta gwaji, da dare su tafi wata tsohuwar maƙabarta mai suna Rose Hill a bakin kogi su zauna su na tsara waƙa. Ba za mu ɓoye ba, tun a lokacin shaye-shaye sun shiga cikinsu, kuma ɓarnar da wannan ya yi musu daga baya ta fi wadda talauci ya yi.

A garin akwai wani ƙaramin gidan abinci mai suna H&H, na waɗansu mata biyu Baƙaƙe, Inez Hill da Louise Hudson, wadda kowa ke kira Mama Louise. Labarin da a ke bayarwa shi ne, samarin suka shigo wata rana, suka tattara abin da ke aljihunsu bai isa kowa ya sami kwano ba, suka sayi kaɗan su na rabawa. Matar nan ta dube su ta ga yunwa, ta ƙaro musu, ta ce in sun samu sa biya. Haka ta yi ta ciyar da su bashi. Ga Gwamnan jiha ya rufe gidan abincinsa don kada Baƙi ya ci da kuɗinsa, ga Baƙar mace ta na ciyar da 'ya'yan Turawa ba ko anini. Mu dai ba mu san wani bayani game da Jojiya ta 1969 da ya fi wannan ba.

ABIN DA KE CIKIN FAIFAN

A watan Agusta suka tafi New York, suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Atlantic. Wanda aka so ya shugabanci aikin, Tom Dowd, bai samu zuwa ba, sai aka ba wani Baturen Ingila, Adrian Barber. Cikin kamar mako 2 aka gama, don waƙoƙin sun riga sun zauna musu a hannu.

Biyar daga cikin bakwai ɗin Gregg ne ya tsara. An ce waƙa 22 ya zo da su daga Los Angeles, 'yan'uwansa suka saurara suka zubar da 20, sauran kuwa bayan zuwansa ya yi su. Ta farko a faifan aro ce daga ƙungiyar Spencer Davis ta Ingila, kiɗa ne zalla ba baki, kamar dai sallama, ta zarce cikin ta biyu ba tare da an tsaya ba. A nan mai sauraro ke fara jin muryar Gregg, yaro ɗan shekara 21, amma murya a dushe kamar ta dattijon da duniya ta gama wanke wa ido. Ɗaya aron ita ce Trouble No More ta Muddy Waters, babban sarkin buluz, ita ce kuma waƙar da suka fara gwadawa ranar da Gregg ya iso.

Amma biyun ƙarshe su ne faifan. Dreams, watau mafarkai, ta wuce minti 7, tafiyarta a hankali, ƙirgenta uku-uku, ogan ya shimfiɗa murya guda kamar tabarma, gangunan Jaimoe na bin sawun wani kiɗa na Miles Davis. Maganar waƙar ta mutum ce wanda burinsa ya fi ƙarfinsa. Trucks ya ba da labari cewa sun yi ta fama da wurin da jitar Duane za ta shiga, abin bai yi ba, har wani dare ya sa aka kashe fitilu, ya koma lungu ya zauna, ya kaɗa. Ya fara da yatsa, can tsakiya ya ɗauki kwalbarsa, wannan ɗauka ce kuwa aka bari a faifan.

Ta ƙarshe sunanta Whipping Post, watau turken da a ke ɗaure mutum a yi masa bulala. A zahiri kukan wani ne da mace ta cuta, ya na kwatanta kansa da wanda aka ɗaure a turken. Amma a ƙasar da kakannin Jaimoe suka san wannan turke da bayansu, ba mu tsammani akwai ɗan Kudu da zai ji sunan bai tuna wani abu ba. Gregg ya ce cikin dare waƙar ta zo masa, bai sami alƙalami ba, ya riƙa ƙyasta ashana ya na rubutawa da bakinta a kan ƙyallen teburin guga. Ga malaman lissafi kuma wani abin sha'awa. Yawancin kiɗan rok huɗu-huɗu a ke ƙirga shi, amma buɗin wannan 11 ne: uku, uku, uku, sa'an nan biyu. Saboda haka kullum kunne na jiran bugu na 12, ba ya zuwa, sai kiɗan ya faɗo kanka tun ba ka shirya ba. Shi mai waƙar bai ma san haka ya yi ba sai da wansa ya gaya masa. Oakley ne ke buɗe ta shi kaɗai da babbar jitarsa, kamar hadari na tasowa.

SHAWARAR DA SUKA ƘI

Da ciniki ya ƙi, masana kasuwa suka ce ai dalili a fili ya ke. Ba a taɓa yin ƙungiyar rok da ta yi suna ta na zaune a ƙaramin garin Kudu ba, su komo New York ko Los Angeles, a ɗinka musu tufafi masu ƙyalli, su riƙa tsalle a gaban jama'a. 'Yan'uwan nan biyu kuwa sun riga sun ɗanɗana wannan tuwo a 1967. Suka ce a Macon za su zauna. Walden, wanda ya riga ya zuba kuɗi mai yawa bai ga ko kwabo ba, ya goyi bayansu.

A ganinmu masanan sun faɗi rabin gaskiya ne ba su sani ba. Faifan ya na da aibi, amma ba na tufafi ba ne. Aibinsa shi ne an kama doki mai son sukuwa an ɗaure a turke. Whipping Post minti 5 ce a faifan, alhali a gaban jama'a su kan ja ta har ta wuce minti 20, ko wane dare da irin hanyar da za ta bi. Abin da makaɗan nan suka fi iyawa, watau sauraron juna da amsa wa juna nan take, ba ya samuwa sosai a ɗaki rufaffe da agogo a bango. Su ma sun gane haka, sai suka hau hanya. Sun riƙa yin wasa kyauta a wani lambu na Atlanta mai suna Piedmont, cikin 1970 kuma suka yi wasa wajen 300, daga wannan gari zuwa wancan a cikin mota. A shekarar suka fitar da faifai na biyu, Duane kuma ya kaɗa tare da Eric Clapton a faifan Layla.

A watan Maris 1971 aka ɗauki wasansu kai tsaye a zauren Fillmore East na New York, Tom Dowd na kula da aikin. A wannan faifai Whipping Post ta cinye fuska guda sukutum, kusan minti 23. Ya fito a Yuli, kafin ƙarshen Oktoba cinikinsa ya kai dala miliyan 1, aka ba shi lambar zinariya.

Kwanaki kaɗan bayan wannan, ran 29 ga Oktoba 1971, Duane na kan babur a cikin Macon, ya kauce wa wata babbar mota ya faɗi, ya mutu, ya na da shekara 24. Ran 11 ga Nuwamba 1972 Berry Oakley ya yi karo da motar haya ta gari a kan nasa babur, 'yan layuka kaɗan daga inda abokinsa ya faɗi. Ya tashi ya ce ba kome, ya tafi gida, ran nan ya cika. Shi ma shekararsa 24. An binne su kusa da juna a Rose Hill, maƙabartar da su ke zama da dare.

BAYAN HAKA

Sauran suka ci gaba. A 1973 faifansu Brothers and Sisters ya hau na 1 a jerin Billboard, aka kuma haɗa na farko da na biyu aka sāke fitarwa da sunan Beginnings, mutanen da suka ƙi faifan 1969 suka zo su na saye. A shekarar nan Lynyrd Skynyrd na Jacksonville da Marshall Tucker Band suka fitar da nasu faya-fayai na farko, kamfanoni suka bazama Kudu neman makaɗa, 'yan jarida suka raɗa wa abin suna rok na Kudu. Gregg bai so sunan ba. A wurinsa tun asali a Kudu aka haifi rok, Little Richard ma ɗan Macon ne, saboda haka ƙarin kalmar ba shi da amfani. Akwai kuma abin da ya fi suna muni, don waɗansu daga cikin na baya sun riƙa rataya tutar jihohin da suka yi yaƙi don riƙe bayi a bayan dandalinsu, har mutane da yawa suka ɗauka kiɗan na masu wariya ne. Wanda ya san daga inda faifan farko ya fito ya san wannan juya tarihi ne.

Wanda ya gaji Maddox a gidan Gwamna shi ne Jimmy Carter, wanda ya faɗa ranar da aka rantsar da shi a 1971 cewa zamanin wariyar launi ya wuce. Da ya fito neman shugabancin ƙasa ba shi da kuɗi, a 1975 makaɗan Allman suka yi wasa suka tara masa. Ya ci zaɓe a 1976, shi ne kuma ya ziyarci Ikko a 1978. Ƙungiyar ta watse ta sāke haɗuwa fiye da sau ɗaya, ta yi wasanta na ƙarshe a New York a watan Oktoba 2014. Trucks da Gregg suka mutu a 2017. Da Betts ya bi su a watan Afrilu 2024, Jaimoe kaɗai ya rage cikin shidan.

Mama Louise kuwa an biya ta bashinta. Sun sa sunanta a bangon faifansu na biyu a matsayin mai abincinsu, a 1972 kuma da za su fita yawon wasa suka ɗauke ta suka tafi da ita.